Ranar da Na Bar Maigidana Kwance Na Kama Hanyar Kwanar Dangora

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku iyayenmu maza da kuka zauna can baya, ina gaishe ku duka da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sannunku da zuwa, musamman mutanen Doguwa da na Tudun Wada da suka sha hanya domin wannan taro na zumuntar mata.

Sunana Talatu. Daga wani ɗan ƙauye nake kusa da Yako, a ƙasar Kiru. Waɗanda suka san ni sun fi sanina da matar maƙeri, domin maigidana ƙira ce sana'arsa, a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Ban iya magana a gaban jama'a ba, kuma abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Amma zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Maigidana ya faɗi ne a shekarar da aka canza kuɗi aka kawo naira. Da hantsi ne, yana maƙera yana gyara wa wani garma. Ina tsakar gida ina surfe, sai na ji guduma ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Da na leƙa sai na same shi kife kusa da zugazugi, bakinsa ya karkace, idonsa biyu yana kallona.

Aka samo mota aka kai mu asibiti a Kano. Mako uku muka yi. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama, ya kuma kama harshensa. Ya ce mu koma gida, abin da ya rage sai jinya da haƙuri.

Ku da kuka san shi kafin nan kun san irin mutumin da nake faɗi. Shi kaɗai yake ɗaga buhun dawa ya aza a kan jaki. Shi yake ba da waƙa a majami'armu, in ya ɗaga murya har masu wucewa a hanya sai sun tsaya. Wannan mutumin ne aka dawo mini da shi a kan tabarma, ba ya iya juyawa, ba ya iya cewa a ba shi ruwa.

'Ya'yanmu biyu ne suka rayu. Namijin yana aikin soja, sai dai wasiƙa. Macen, Ladi, tana aure a Doguwa, ga goyo, ga miji, ga gona. Saboda haka jinya ta zama tawa.

Kuma na karɓe ta da hannu biyu. Da asuba in wanke shi, in sauya shimfiɗa, in dama koko in ba shi ludayi-ludayi, rabi ya shiga rabi ya zubo. In juya shi kada bayansa ya yi gyambo. In shafa masa man kaɗanya a hannu da ƙafa, in miƙe su in lanƙwasa kamar yadda aka nuna mini a asibiti. In tafi rijiya, in yi wanki, in ruga gona in yi abin da zan iya, ina yi ina waiwayen gida. In dawo in tarar ya ɓata shimfiɗa, in sake sauyawa. Haka yau, haka gobe, haka jibi.

Ba zan yi wa 'yan'uwa ƙarya ba, an zo taimakona. Tun a watan farko Mama Rahila, matar fastonmu, wadda danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, ta zo ta ce, “Talatu, ki bari mu riƙa karɓarki, ko da yini ɗaya ne a mako.”

Na ce, “Na gode, Mama. Ba komai, ina iyawa.”

Ta sake zuwa, na sake faɗa mata haka. Wasu matan suka zo za su ɗebo mini ruwa, na ce randa cike take, alhali kuwa ƙasanta ake gani. Dalilina biyu ne. Na ɗaya, ba na son kowa ya ga maigidana a wannan hali, mutumin da ake girmamawa. Na biyu kuwa, sai daga baya na gane shi: an fara yabona, yabon kuma ya yi mini daɗi. In an yi wa amarya gargaɗi sai a ce, “Ki dubi Talatu matar maƙeri.” Har a wa'azi an taɓa ambatona. To wadda aka ɗora a wannan matsayi, da wane baki za ta ce ta gaji?

A hankali mutane suka daina tayi. Ba laifinsu ba ne. Wanda ka kora sau goma ba zai dawo na goma sha ɗaya ba.

A shekara ta biyu na daina kitso. Na ce ina lokacin zama a yi mini? Na ɗaure kai da kallabi na manta da shi. Abinci kuwa a tsaye nake ci, abin da ya rage a ƙwaryarsa shi ne nawa. Wanka sai in na ji ni kaina ba na son warin jikina. Na daina zuwa sujada a majami'a, na ce ba wanda zan bar masa shi. Daddawar da nake yi ina kai wa kasuwa, wadda aka san ni da ita, na bar ta, tukunyar kalwa ta zama wurin kwanan kaji.

A shekara ta uku barci ya ƙaurace mini. Ko na kwanta kunnena yana wurinsa. Kaina kullum kamar an ɗaure shi da igiya. Sai in yi miya in manta gishiri, ko in zuba sau biyu. Na taɓa neman ludayi har na gaji, ashe yana hannuna. Ƙaramin abu sai ya tayar mini da hankali: kukan akuya, ƙarar murfin kwano, har yadda yake haɗiyar koko. In na durƙusa addu'a bakina ne kawai ke motsi. Kuka ma ya daina zuwa. Labarin rasuwar ƙawata ta ƙuruciya ya iske ni ina wanki, na ce Allah ya ji ƙanta, na ci gaba da wankina. Zuciyata ta bushe ƙamas kamar fako.

Danginmu da ba su bi Yesu ba suka ce iska ce ta shafe ni, a kai ni a yi mini girka. Wasu cikin masu bi suka ce in ƙara bangaskiya. Ni kuwa duk wanda ya ce, “Yaya mai jiki?” sai in ce, “Da sauƙi.” In an ce, “Yaya gajiya?” in ce, “Babu gajiya.” Gaisuwa ce, kowa haka yake amsawa. Amma ni na mai da ita katanga na ɓuya a bayanta.

Yanzu zan zo ga ranar.

Shekara ta huɗu ce, cikin bazara, ana jiran ruwan farko. Zafi ya kai inda ya kai. Tun safe na sauya masa shimfiɗa sau biyu. Na wanke, na shanya, na zo da koko na zauna a bakin gado. Na kai ludayi bakinsa, ya kau da kai. Na sake kaiwa, ya kau da kai. Mai yiwuwa kokon ya yi zafi, mai yiwuwa wani abu yake so ya faɗa mini, ban sani ba. A karo na uku ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya ture. Ƙwaryar ta kife a kan shimfiɗar ƙarshe da nake da ita mai tsabta.

'Yan'uwa, na mare shi.

Mutumin da bai taɓa ɗaga mini hannu ba tun da aka kawo ni gidansa. Mutumin da ba zai iya kare fuskarsa ba. Na mare shi, na kuma ce masa, “Ka mutu mana in huta!”

Bai yi ƙara ba. Kallona kawai ya yi.

Na miƙe na fita. Ban ɗauki mayafi ba, ban sa takalmi ba. Na bi ta bayan gari don kada in haɗu da kowa, na kama hanya. Ban ce ga inda za ni ba, ƙafata ce kawai ke tafiya. Na bar shi cikin kokon da ya zube, ba ruwan sha kusa da hannunsa, ban gaya wa kowa ba. Ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa amma ban ji ba sai daga baya.

Tun hantsi nake tafe, sai bayan azahar na ga kaina a Kwanar Dangora. Na tsaya a bakin kwalta. Manyan motoci suna wucewa, wasu Kano wasu Zariya. Da farko na yi tunanin in hau ɗaya in tafi inda ba a san ni ba. Daga nan wani tunani ya zo, wanda ya fi wannan muni. Ya ce mini, macen da ta mari mijinta mara lafiya, me ya rage mata? Taku biyu ne kawai, kowa ya huta. Ina faɗa muku wannan a fili domin na san ba ni kaɗai ce irin wannan tunani ya taɓa ziyarta ba, sai dai ba a faɗa.

Ina nan tsaye, wata mota ta wuce har iskarta ta kaɗa mini zane, sai na ji murya a bayana.

“Ke baiwar Allah! Ke mai baƙin kallabi! Zo ki kama mini tukunyar nan, za ta ƙone!”

Na waiwaya. Wata dattijuwa ce mai sayar da tuwo a wata rumfa, tana riƙe da kunnen wata babbar tukunya tana yafito ni. Kun san halinmu, in babba ya ce zo ki kama, jiki ne ke amsawa kafin zuciya. Na je na kama, muka sauke. Da na duba sai na ga tukunyar ba ta ko tafasa ba.

Sai ta kama mini hannu. Ta ja ni cikin rumfa ta ce, “Zauna nan.” Ta miƙo mini ruwa a moɗa. Na shanye, ta ƙaro, na shanye. Ta zubo tuwo da miyar kuka ta ajiye a gabana.

Na ce, “Inna, ban riƙo ko kwabo ba.”

Ta ce, “Na tambaye ki? Ci.”

Na ci. Rabona da in zauna in ci abinci mai zafi wanda wani ya dafa, har na manta. Da na gama ta nuna mini tabarma a bayan rumfa, kusa da tarin itace, ta ce in miƙe ƙafa. Na ce ba zan iya barci ba. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba.

Da na farka rana ta karkata. Tana zaune kusa da ni tana yankan kuɓewa. Ta ce sunanta Hajara, ta tambayi nawa. Sannan ta ce, “Wa kike jinya?”

Na ce, “Inna, wa ya gaya miki?”

Ta ce, “Hannunki. Duk ya tsage da toka da sabulu. Ga ƙashin wuyanki a waje. Ni ma na yi jinyar mahaifiyata shekara bakwai, na san kayan aikin.”

Sai na gaya mata. Abin da na kasa gaya wa 'yan'uwana a cikin Ubangiji, na gaya wa matar da ban taɓa gani ba. Har marin, har maganar da na faɗa. Ina jira ta yi salati ta kore ni.

Ta ci gaba da yankan kuɓewarta. Can ta ce, “Abin da kika yi ba kyau, kin sani, ba sai na faɗa miki ba. Amma ba mugunta ce ta mare shi ba, gajiya ce. Ni akwai ranar da na kulle tsohuwata a ɗaki na tafi bayan gari na yi ta ihu ni kaɗai. Jaki ma in aka yi masa lodi shekara huɗu ba a sauke ba, zai yi harbi. Ba ku da mutane ne a garinku?”

Na ce, “Akwai.”

“Sun ƙi taimakonki?”

Na ce, “Ni na ƙi.”

Ta ce, “To kin ji.” Ta ajiye wuƙa ta dubi rana. “Ke 'yar mishan ce, ko?”

Na ce, “I, Inna.”

“Ai kuna addu'a. La'asar ta yi, ni zan yi salla. Ke ma ga wuri nan, ba mai damunki. Ki gaya wa Allah abin da kika gaya mini, ya fi ni jin ƙai.”

Ta ɗauki buta ta tafi. Na durƙusa a wurin, tsakanin tarin itace da tukwanen wanke-wanke, motoci suna ta wucewa. Ban yi irin addu'ar da aka koya mana ba. Cewa na yi, “Yesu, na gaji. Na mari bawanka. Na so ya mutu, na so ni ma in mutu. Ban san abin da zan roƙa ba. Na gaji, na gaji.”

Sai kuka ya zo. Wayyo, kukan shekara huɗu! Na yi shi har da majina, har cikina ya yi ciwo. Ban ga haske ba, ban ji wata murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri a abin da Allah ya yi ba. Abin da na sani shi ne, a cikin kukan nan wata tambaya ta sauka a zuciyata a hankali, ba da faɗa ba: Talatu, wa ya ce ke kaɗai za ki ɗauka? Na duba, na ga ba Yesu ne ya ce ba. Ba maigidana ne ya ce ba. Ni na ce. Kuma na ji a jikina cewa wanda nake yi wa kuka bai juya mini baya ba, duk da abin da hannuna ya yi da safe. Yabo ga sunansa!

Daga nan sai hankalina ya dawo gaba ɗaya, na tuna na bar mutum ba ruwa tun hantsi, cikin wannan zafi. Na miƙe zumbur. Inna Hajara ta riga ta yi magana da wani direba da zai bi ta wajenmu da buhunan taki. Ta ce masa, “Ka sauke mini ƙanwata a kusa da Yako.” Ta cire silifas ɗinta ta ba ni. Ta ce, “In kin isa, kafin ki yi komai, ki kira mutum.”

Na isa gida rana tana gab da faɗuwa. Tun daga ƙofar gida na hango shi. Yana kwance a ƙasa, a bakin ƙofar ɗaki, rabin jikinsa a waje. Ya mirgino daga gado, ya ja jiki da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, mutumin da shekara huɗu bai matsa ko taku ɗaya da kansa ba. Gwiwar hannunsa duk ta saɓule. Fuskarsa tana duban ƙofar gida.

Na ce shi ke nan, na kashe shi.

Na faɗi a kansa, sai ya buɗe ido. Ya kai hannun hagu ya damƙi bakin zanena, ya riƙe gam. Na ce bari in kawo ruwa, ya ƙi saki. Sai da na kwance zanen na bar masa a hannu, na ruga da ɗan fatari na ɗebo. Ya sha, ya sha. Na durƙusa na ce, “Maigida, ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini.” Hawaye suna bin gefen fuskarsa. Ya saki zanen ya ɗora hannun a kaina.

Na yi ƙoƙarin ɗaga shi in mai da shi gado, na kasa. Na sake gwadawa, ƙafafuna suka ƙi. Ƙarfina ya ƙare ƙaf. Sai na je jikin danga na ɗaga murya na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tun da ya kwanta: “Mama Rahila! Ku zo ku taimake ni!”

Kafin in rufe baki sun shigo, ita da Fasto. Fasto ya ɗauke shi kamar jariri, ya ce in ba shi ruwa da sabulu in fita, shi zai wanke shi. Ni da Mama muka zauna a kan turmi a tsakar gida, na gaya mata komai. Na ce, “Mama, ki gaya wa dattawa. In horo ne a sa ni, in cin Jibin Ubangiji ne a majami'a a hana ni, na cancanta.”

Sai ta ce, “In za a yi horo, da ni za a fara. Danga ɗaya ce tsakaninmu. Ina ganinki kina ramewa, kika ce mini ba komai, ni kuma na yarda don ya fi mini sauƙi. Mun yi ta yabonki, ba wanda ya karɓi tulu daga kanki.” Ta ce, “Gafara kin roƙa wurin Allah da wurin mijinki. Yanzu saura gyara. Kuma wannan karon ba shawararki nake nema ba.”

Ga yadda aka gyara. Maza biyu daga ikkilisiya suna zuwa kowace safiya, bi da bi, su ɗaga shi su yi masa wanka su fito da shi inuwa. Mata suka raba ranaku: Talata da Jumma'a wata za ta zo ta yini, ni kuma in fita. Aka rubuta wa ɗanmu da Ladi wasiƙa aka gaya musu gaskiya, domin ni kullum “da sauƙi” nake aika musu. Ladi ta zo tana kuka, ta ce, “Inna, me ya sa kika ɓoye mana?” Yanzu duk bayan girbi tana zuwa ta yi wata guda.

Mama ta kuma kai ni wurin malamin asibiti na mishan. Ya duba idona ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ya ba ni ƙwayoyi. Na gaya masa tunanin da ya zo mini a bakin kwalta. Bai zare ido ba. Ya ce, “Wannan ma ciwo ne, kamar yadda na maigidanki ciwo ne. Zuciya tana gajiya kamar yadda ƙafa take yi. In tunanin ya sake zuwa, kada ki zauna da shi ke kaɗai ko na yini ɗaya, ki zo ki faɗa.” Ya ce in ci abinci sau uku a zaune, in kwanta da rana in an karɓe ni.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Hutu ma sai an koya. Talatar farko da aka ce in fita, na je gidan Mama Rahila na rasa abin yi, sai na ɗauki tsintsiya na fara share mata tsakar gida. Ta fizge ta ce, “Ke wai ba kya ji ne? Zauna!” Ta kwance mini kallabi. Da ta ga kan sai ta ce, “Yesu mai jinƙai!” Gashin ya dunƙule ya zama kamar kaba. Kwana biyu ana tsifa da man shanu, wani wurin sai da aka sa almakashi. Da aka gama kitson aka ba ni madubi, na daɗe ina kallon matar da ke ciki.

Shi ma maigida da farko bai so ba. In maza sun zo sai ya juya fuska bango. Amma da aka fara fito da shi ƙofar gida, tsofaffin abokan cinikinsa, Musulmi da Kirista, suka riƙa tsayawa suna gaishe shi, suna kawo masa fartanya ya duba da hannun hagu ya nuna inda aka yi kuskure. Sai na ga ashe ba ni kaɗai na kulle a gidan nan ba, har da shi na kulle.

Na koma yin daddawa. Ranar kasuwar Yako ina zuwa, in zauna cikin mata, a yi ciniki a yi dariya. Wani ƙanen maigida ya tare ni a hanya ya ce, “Mijinki yana kwance kina yawon kasuwa?” Da a da ne, da na koma gida na ƙara shekara huɗu. Na ce masa, “Gaskiyarka. Ran kasuwa mai zuwa ka zo ka zauna da shi, ka ga yadda ake yi.” Ya zo kuwa, don kunya. Da yamma na same shi zaune ya yi tagumi. Tun daga ranar bai ƙara yi mini maganar ba, kuma shi yake nome mana gonar bayan gida.

Na koma Kwanar Dangora da silifas ɗin Inna Hajara da ƙullin daddawa. Ta karɓi daddawar, ta ce takalmin na riƙe. Har yau in na sami mai zuwa can ina aika mata, ita kuma ta aiko da gaisuwa ga mai jiki.

Maigidana bai tashi ba. Ina so ku ji wannan da kyau, kada wani ya fita ya ce Talatu ta ba da shaidar warkarwa. Hannunsa na dama yana nan yadda yake, harshensa bai sake ba. Muna roƙo har yanzu, Allah kuma shi ya san lokacinsa. Wadda aka cece ta ni ce. Kuma har yanzu akwai ranakun da nauyin yake dawowa, musamman in zafi ya yi yawa. Amma na san alamunsa. In na ji haƙorana sun cije, in na ji ƙarar kwano ta fara shiga mini kai, sai in ajiye abin da ke hannuna, in fita gindin ɗorawa, in sha ruwa, in ce, “Yesu, ga shi ya dawo.” In bai wuce ba in leƙa danga in kira. Ba na jin kunya kuma.

Jiya da yamma na zauna kusa da shi na ce, “Maigida, an ce in ba da shaida a taron mata. In na tashi zan faɗi duka, har abin da na yi maka. In ba ka so, ba zan faɗa ba.” Ya daɗe yana kallona. Sai ya nuna ni, ya nuna bakinsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna ƙirjinsa, ya nuna hanya. Na ce, “Kai ma za ka?” Ya sake gyaɗa kai.

Ga shi can a bakin ƙofa, a kan kujerar da maza huɗu suka ɗauko. Wanda ya ɗaga hannun hagu ɗin nan, shi ne.

Na gode wa Ubangiji Yesu da bai bar ni a bakin kwalta ba. Na gode masa da ya aiko mini da taimako ta hannun da ban zata ba. 'Yan'uwana, ku dogara gare shi, ku gaya masa gaskiya ko da ba ta da kyan ji, ba zai kore ku ba. In kuma a cikinku akwai wadda take zaune yanzu da murmushi a fuska alhali ta kai maƙura, kada ki koma gida da shi yau. In an tashi ina nan gindin mangwaro, ni da Mama Rahila. Ki zo ki zauna, ba sai kin iya faɗa ba.

Ɗaukaka ga sunan Yesu. Amin.